Hannu Guda Take Ci

Labarin nan yana da wuyar bayarwa a bakina, domin mutum biyu daga cikin masu shi ba ni da ikon kiran sunansu. Na farko mijina ne. Sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba, amma mutanen ƙauyenmu, can gindin duwatsun Doguwa, suna ce masa Mainasara, wannan kuwa laƙabi ne, zan faɗe shi son raina. Na biyu mahaifinsa ne, wan mahaifiyata. Shi Kawu kawai zan ce masa, ku yi haƙuri da hakan. Ni kuwa sunana Baraka. Auren zumunci aka yi mana, wato taubashina na aura, shi ya sa ko da na zama matarsa bakina bai taɓa mutuwa a kansa ba.

Mainasara ƙato ne, ba ƙaton wasa ba. Zamanin da yake kokawa, daga Tudun Wada har Kiru ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa, a nan ya samo laƙabin. In ya zura hannu a kwanon tuwo, to ka yi wa tuwon nan addu'a. Kawu kuwa ɗan siriri ne, mafarauci, maganarsa ta yini guda ba ta cika cokali ba. Hannunsa na hagu kullum yana cikin riga, tun wani abu da ya same shi a daji da ƙuruciya, mu kuwa yara ba mu da bakin tambaya.

To, Mainasara shi ne ɗan fari. Kowa na kunyar ɗan fari, amma ta Kawu ta fi ƙarfin kunya, ta zama sana'a. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa duban fuskarsa ba. In yana da magana da shi, sai ya faɗa wa duk abin da ke kusa. Na taɓa ganin Mainasara a tsugune gabansa, Kawu ya juya ya dubi akuya ya ce, "A gaya wa wancan rumbun gero na yoyo." Mainasara ya amsa wa ƙasa, "To." Na rantse ya fi sanin takalman ubansa a kan fuskarsa. Mahaifiyarsa Inna Luba ma haka take, sai dai ita in ya ba da baya takan bi shi da kallo.

Dukiyar Kawu ɗaya ce, bindigar toka, doguwa, baƙa, wadda wani maƙerin Dangora ya ƙera. Tsohuwa yake ce mata. Ga waɗanda ba su san irinta ba, ta baki ake ɗura mata. A zuba albarushi, a tura tsumma, a danna da sandar ɗuri. Abin da ya rage na sandar a waje, shi ake aunawa da yatsu a kwance, a nan mutum ke sanin yawan abin da ya zuba. Kuma mafarauci ba ya ɗuri a gaban ɗan'uwansa, kowa da sirrinsa. Wannan fa zamanin En'e nake ba ku labari, kafin a yi maganar mulkin kai, lokacin da in kana da bindiga mai lasin a ƙauye, ko dagaci sai ya gaishe ka da hannu biyu.

Da ciwon ajali ya kama Kawu cikin damina, muna zaune a ɗakinsa, ni da Inna Luba, Mainasara na tsugune a bakin ƙofa. Kawu ya juya ya fuskanci bango. Ya ce, "A gaya wa mijin Baraka, Tsohuwa tasa ce. Hannu guda take ci. Kada a ƙara mata." Mijin Baraka! Wallahi wannan ne kusanci mafi girma da ya taɓa yi da sunan ɗansa. Bai ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada, Allah ya jiƙansa.

Bayan an yi sadakar arba'in, masara ta fara nuna, gwaggon birai suka sauko daga dutse suka mai da gonarmu gidan biki. Mainasara ya shiga ɗaki, ya ja asabari, ya yi ɗurinsa, ya fito yana taku ɗaiɗai kamar angon da aka wanke. Ni lokacin ina da ciki, na farko, amma na bi shi da ƙwaryar fura, don ba zan yarda a ba ni labari ba.

Ya hango wani shirgegen biri a kan tsauni yana ɓare masararmu hankali kwance. Ya gyara tsayuwa, ya kai gindin bindiga kafaɗa, ya ja kunama.

Daram!

Hayaƙi ya turnuƙe. Da ya washe, biri na nan inda yake, da masararsa a hannu. Maigida ne babu. Na duba gabas, na duba yamma, sai na hango tafin ƙafafu biyu a cikin kunyar gyaɗa, suna kallon sama. Mutumin da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba! Na san ya kamata in yi salati, kuma na yi, amma sai da na ajiye ƙwarya na dafa cikina na yi dariya har hawaye.

Na ce, "Maigida, ashe Tsohuwa gaba da baya take harbi? Ai da ka juya ta, ka sa wa birin gindin."

Ya ce, "Santsi ne."

"A busasshiyar ƙasa?"

"Baraka, ki miƙo min hulata."

Daga ranar na zama mai dafa ruwan gashi. Kafaɗarsa ta dama ta kumbura, ta yi baƙi, ta yi shuɗi, ta koma wani launi da ban san sunansa ba. Ina gasa masa da tsumma yana cije leɓe, da ta ɗan saɓe sai ya koma. Kuma ba a banza yake komawa ba, kullum da sabuwar dabara.

Da farko ya ce laifin matse ta da ya yi ne, don haka ya riƙe ta nesa da kafaɗa, wai kada ta same shi. Ai kuwa sai ya ba ta filin ɗaukar gudu. Ta zo ta same shi a haƙarƙari, ya yi mako yana atishawa da kuka. Sai ya ɗauke gammona na ɗaukar tulu, ya ɗaura a kafaɗa da igiya, ya sa riga biyu a kai. Ya dawo da gammon a baje kamar waina, ni kuma na koma ɗaukar ruwa da tsumma. Sai ya ce ai faɗuwar ce abin kunya, ba zafin ba, bari ya jingina da kuka. Jama'a, kada Allah ya nuna muku mutumin da ya shiga tsakanin kuka da Tsohuwa. Kuka ba ta matsa ba, Tsohuwa ba ta fasa ba, shi ne a tsakiya. Ranar a kan jaki aka kawo shi gida.

Akwai wani abokinsa Buba, mafarauci, ɗan tsurut mai yawan shawara. Shi ya ce zai tokare shi ta baya. Ya kafa kai a tsakiyar bayan Maigida, ya turje ƙafafu, ya ce, "Harba, ina nan!" Yana nan ɗin kuwa. A ƙarƙashinsa aka zaro shi, yana tambayar ko an yi sallar la'asar, alhali hantsi ne.

Gari ya ɗauka. Yara suka daina cewa Mainasara, suka koma Mai-kallon-sama. In an ji ƙarar bindiga daga gona, mata a bakin rijiya sai su ce min, "Baraka, je ki ɗora ruwa." Su kansu birai sun gane. Da sun hango shi da bindiga sai su jeru a kan dutse, manya a gaba, yara a baya, su zauna kallo.

Maganar ta kai kunnen Sarkin Baka Dikko, shugaban mafarautan yankinmu, aminin Kawu tun suna samari. Ya zo da kansa har zaure, ni ina jin su ta bayan zana. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, ba na son in faɗi abin da zan faɗa. An kusa buɗe farauta. A daji jere muke tafiya, kafaɗa da kafaɗa. Bindigar da ke ka da mai ita ba ta san inda bakinta zai duba ba. Ranar buɗewa za ka harba a gaban jama'a. In ka tsaya, taka ce. In ta kayar da kai, zan karɓe ta in ba wanda ta yarda da shi."

Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, yadda marigayi ya ce haka nake yi. Ban ƙara ba, ban rage ba."

"Ban tambaye ka ɗurinka ba, ba a tambaya. Amma shekara da shekaru ina farauta da ubanka, ga shi kamar sillen kara, ban taɓa ganin ta girgiza masa hula ba."

Da Sarkin Baka ya tafi, Maigida ya shigo ya zauna a kan turmi. Na kawo ruwan gashi, na buɗe baki zan tsokane shi kamar kullum, sai na ga fuskarsa. Na haɗiye maganata.

Ya ce, "Baraka, ba bindigar ba ce."

"To mece ce?"

"Shi ne. Yana da rai bai taɓa dubana ba. Na ce kunya ce, kowa ya ce kunya ce. Da ya bar min ita na ce ashe dai yana sona. To ga shi. Kowa ta bari ya tsaya, ni kaɗai take turewa. Ko a kabari bai yarda da ni ba."

Ƙato kamar wannan, yana share ido da bayan hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai, tausayinsa ya kama ni, haushin Kawu ma ya kama ni, Allah ya yafe min.

Washegari da hantsi ya shiga ɗaki zai yi ɗuri, don ya ce zai gwada harbi a durƙushe. An ce mace ba ta kallon ɗuri. An ce! Ni da nake gasa kafaɗar? Na leƙa ta ɓular asabari. Na ga ya zuba albarushi, ya tura sanda, ya jera yatsunsa huɗu a jikin abin da ya rage. Bai cika ba. Ya ƙara zubawa. Ya sake aunawa, ya sake ƙarawa, har sai da sandar ta yi daidai da faɗin wannan hannu nasa. Ni ban san komai a harkar bindiga ba, na dai san abin da ya zuba zai ishi tuwon mutum biyu in da gari ne.

Da yamma aka dawo da shi. Harbi a durƙushe ya mai da shi zaune, zama ya mai da shi kwance. Ya shiga rumfa ya miƙe yana nishi. Ni kuwa na wuce wajen Inna Luba, tana zaune a inuwar zana tana kaɗi, zanan nan kaɗai ya raba ta da rumfar. Na zube gabanta na fara zazzaga.

"Inna, ni fa na gaji. Itacena ya ƙare a dafa ruwa. Albarushin da muka sayo a Tudun Wada har ya kusa ƙarewa. Wace irin bindiga ce mai ci haka? Ya jera yatsun nan nasa huɗu kamar rogo, sai ya cika su taf..."

Mazarin Inna ya tsaya.

Ta ce, "Nawa?"

"Huɗu mana. Hannu guda, yadda Kawu ya ce."

Ta ajiye audugar. Ta dube ni, ta dubi zana, ta rufe baki da gefen zane. Kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce, irin wadda ban taɓa ganin ta yi ba tun da aka yi rasuwar. Can ta ce, "Innalillahi! Allah ya yi maƙerin Dangora mutumin kirki ne, da yanzu wani zancen ake. Miƙo hannunki na hagu."

Na miƙa. Ta lanƙwashe ƙaramin yatsana da mai bi masa, ta bar biyu.

"Wannan shi ne hannun kawunki. Da dama yake riƙe bindiga, da hagu yake awo. Biyu ne, su ma sirara."

Nishin da ake yi a rumfa ya ɗauke ɗif.

Inna ta ji, ta kuma san wanda ke saurare. Sai ta ɗaga murya kaɗan, ta juya ta dubi kazar da ke tsattsaga kusa da mu, ta ci gaba.

"Mutane sun ɗauka gadu ya harba bindiga ta fashe. Haka ya gaya wa kowa, har Dikko. Ƙarya ce, Allah ya gafarta masa. Ranar sunan wancan ne. Gida ya cika, ana ta yi masa barka, shi kuwa ya haɗe rai kamar an aiko masa da sammaci, don kada a ce ya yi rawar kai a kan ɗan fari. Da aka raɗa suna sai aka neme shi aka rasa. Ashe ya ɗauki bindigarsa ta wancan lokacin ya shige daji, inda ba mai ganinsa. Murna ta cika masa ciki, ba inda zai kai ta. Ya yi ta zuba albarushi, ya yi ta zubawa, wai yana so duwatsu su ji an yi masa ɗa. Suka kuwa ji. Bindiga ta tsage, ta tafi da yatsu biyu. Ya dawo da hannu naɗe a hula, yana cewa gadu ne."

Na ce, "Inna, shi ya gaya miki?"

"Sai da wancan ya fara kokawa. Duk ranar da aka ce ya ka da wani, sai ya shigo ɗakina ya zaro hannun daga riga, ya dube shi, ya ce, 'Ba su tafi a banza ba.' Ya mayar."

Kaza ta gama abin da take yi ta wuce. Daga bayan zana muka ji wani sauti, ƙasa-ƙasa, irin na babban mutum da ya danna fuska a matashi. Inna ta ɗauki mazarinta ta ci gaba da kaɗi, zaren na tsinkewa tana ƙullawa. Ni ma na yi kukana, ba zan ɓoye ba.

Ranar buɗe farauta duk garin ya fito bakin fili, har waɗanda ba su taɓa riƙe ko gwafa ba. Buba ya zaɓi wuri can nesa, gefe, ba baya ba. Wasu 'yan iskan samari har sun share ƙasa a bayan Maigida, wai don kada ƙaya ta soke shi. Sarkin Baka ya sa aka kafa tsohuwar ƙwarya a kan kututture. Mu mata muna daga gindin tsamiya.

Tun da safe, kafin Maigida ya fita, ya kira ni ɗaki, abin da ba a yi. Ya ce, "Yatsuna biyu ma sun fi nasa biyun kauri. Kawo naki." Da yatsuna biyu aka auna ɗurin ranar, in kun ga dama ku kai ƙara wajen Sarkin Baka.

A fili kuwa Maigida ya tsaya, ya sa ƙafar hagu gaba, ya ɗan sunkuya, ya matse gindin Tsohuwa a kafaɗa kamar yadda ake rungumar yaro. Ya ja kunama.

Tau!

Ƙwarya ta tarwatse. Hayaƙi ya washe, sai ga mutum a tsaye, hularsa ma ba ta karkace ba. Fili ya yi tsit, don mutane ba su san abin da ake yi ba in bai faɗi ba. Shi kansa sai da ya waiga ya dubi ƙasar da aka share masa. Ni na fara rangaɗa guɗa, da cikina da komai, sauran suka ɗauka.

Sarkin Baka ya zo ya dafa kafaɗarsa, mai ciwon, Maigida ya yi ƙara. Sarkin Baka ya ce, "Ta yarda da kai. Me ka yi mata?"

Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a tambaya."

Bayan an gama girbi na haihu, namiji. Sunan Kawu aka mayar, kun ga dalilin da ya sa ba zan faɗe shi ba. Ranar suna gida ya cika, ana ta barka, uban yaro kuwa ya haɗe rai, ko inda ɗakina yake bai kalla ba. Na ce a raina, to, an fara. Da aka watse daga raɗin suna sai na ji Buba na tambaya ko an ga Mainasara. Na dubi bango inda Tsohuwa ke rataye. Ba ta nan.

Ina zaune da jariri a cinya, Inna Luba na gefena, sai muka ji ta daga wajen duwatsu.

Daram!

Ba tau ba. Daram, irin ta da. Tsuntsaye suka tashi, jariri ya firgita. Na ce, "Na shiga uku, wannan ai ya fi hannu guda!" Inna kuwa leɓɓanta kawai ke motsi.

Can sai ga shi ya shigo, bayan rigarsa duk ƙasa, kafaɗar dama a zube, ciyawa a hula. Kafin ya buɗe baki na ƙirga yatsunsa, goma cif, na gode wa Allah. Ya rataye Tsohuwa. Ya tsaya a bakin ƙofata, bai dubi yaron ba, bai dube ni ba. Ya juya ya dubi akuyar da ke ɗaure a turke.

Ya ce, "A gaya wa masu jego, gadu ne. Ya tsere."

Inna Luba ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ni kuwa na miƙa mata jikanta, na tashi na ɗora ruwa.